Tambaya da Amsa: Pakorar albasata tana shan mai, ina gyaran yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari Allah ya saka da alheri. Ni a Agege nake, maigidana yana aiki a wani kamfanin Indiyawa a Ilupeju to wani lokaci yakan zo mana da wata suyar albasa da suke yi, bhaji suke ce mata ko pakora, wallahi yarana har rigima suke a kanta. Na gwada a gida da fulawa da ƙwai sai ta fito min kamar fanke, ta sha mai jagab, cikin bai soyu ba, in ta huce kuma duk ta yi laushi. Dan Allah ya ake yi ta yi ƙaras-ƙaras irin tasu, kuma dole ne sai da garinsu?
Daga wata 'yar uwa, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, amin na gode. Gaskiya na ji daɗin tambayar nan don suya ce mai arha da auki, kuma mu nan Legas albasa dai ba ma rasa ta, kullum motoci suna sauke ta a kasuwar Mile 12 daga Sakkwato da Kebbi, musamman ta Aliero, kuma irin wannan jar albasar tamu ita ce ma ta fi dacewa da aikin.

Matsalarki daga kwaɓin ta fara. Ke kin yi kwaɓi ne sannan kika zuba albasa a ciki, su kuwa albasar ce abincin, garin ɗan abin da zai riƙe ta ne kawai kar ta watse a mai. Sannan fulawa tana da danƙo, da zarar ta ji ruwa kika juya sai ta kama jikinta ta yi taushi, ga ƙwai ya ƙara mata, shi ya sa kika samu fanke. Ba a sa ƙwai sam. Garin da suke amfani da shi besan sunansa, ana niƙa shi daga wani irin wake nasu da suke kira chana, launinsa rawaya-rawaya, ba shi da wannan danƙon na alkama. Tunda Oga yana Ilupeju ai kin huta, nan ne unguwar da Indiyawa suka fi yawa a Legas kuma akwai shagunan kayan abincinsu, ya tambayo besan kawai. In bai samu ba kar ki fasa, ki surfa farin wake ki cire bawon ki shanya ya bushe sosai a niƙo miki ya yi laushi ki tankaɗe, yana yi, ɗanɗanon ne dai zai ɗan karkata wajen ƙosai, amma ya fi fulawa nesa ba kusa ba.

To ga yadda za ki yi. Ki samu manyan albasa 3 ki raba kowacce biyu ki yanka siri-siri a tsaye, kar ki yi mata gutsi-gutsi irin na miya, dogayen zaren nan su ne suke miƙewa a mai su yi ƙaras. Ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali 1 ki murza da hannu sosai har ki ji ta saki, sai ki rufe ki bar ta minti 15 zuwa 20. Nan ne duk sirrin yake ƙanwata, in kika dawo za ki ga albasar ta kwanta ta yi sheƙi, ruwa ya taru a gindin roba, gishirin ne ya jawo shi, kar ki kuskura ki tsiyaye don da shi za ki yi kwaɓin. Sai ki zuba kurkur rabin ƙaramin cokali, garin barkono, dakakkiyar citta da tafarnuwa, attarugu ko ɗanyen barkono kore gwargwadon yadda yaranki suke iya cin yaji, kumin ƙaramin cokali 1, da ganyen koriyanda in akwai. Akwai wasu ƙananan 'ya'ya da suke sawa, ajwain, ƙamshinsa ya yi kusa da na tayim, in Oga ya gani ya haɗo miki, ɗan kaɗan ake sawa don yana da ƙarfi.

Daga nan ki riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan kina cakuɗawa da yatsu, kamar kofi 1 zai isa, ki ƙara garin shinkafa babban cokali 2, shi ne yake sa ta daɗe ba ta yi laushi ba. Abin da kike nema shi ne in kika ɗebo ta dunƙule a hannunki amma kina ganin zaren albasar ɗaya bayan ɗaya da garin ya ɗan lulluɓe su. In ta ƙi haɗuwa ki yayyafa ruwa cokali 1 ko 2, iyakarta ke nan. Albasar damina ma da take cike da ruwa sau da yawa ko ɗigo ba ta buƙata.

Sai maganar mai. Man gyaɗa ki zuba da ɗan zurfi a kasko, wuta matsakaiciya, masu abin gwaji suna kai shi digiri 170 zuwa 180, ke dai ki jefa ɗan kwaɓin, in ya nutse kaɗan ya taso nan take yana kumfa to ya yi. Man da bai yi zafi ba shi ke shiga cikin suya, wanda ya yi zafi da yawa kuma ya ƙona baya ya bar ciki ɗanye, kuma ɗanyen besan ba daɗi a baki ko kaɗan. Ki ɗebo da yatsu ki saki a hankali ƙanana, kar ki mulmula kar ki matse, ki bar ta da ƙafafunta barkatai, kuma kar ki cika kaskon don man zai huce. Minti 3 zuwa 4 kina juyawa har ta yi ja mai kyau sai ki tsame da matsami.

Laushin da take miki bayan ta huce kuwa, dan Allah kar ki zuba ta a kula ko leda ki rufe, gumin kanta ne yake kashe ta, balle ga iskar Legas da take cike da danshi. Kwando za ki zuba ta a buɗe kuma a ci da zafinta. Su can a Indiya sun fi yin ta lokacin damina ana ruwa a ci da shayi mai madara da kayan ƙamshi, kuma suna dangwalawa da romon tsamiya, ki jiƙa tsamiya ki tace ki dafa da sukari da ɗan gishiri da barkono har ya yi kauri.

TAMBAYA: Anti ina so in riƙa yin pakora a buɗa-baki, zan iya kwaɓawa tun da safe in sa a firij?
Daga Idi-Araba

AMSA: A'a 'yar uwa, in dai gishiri ya taɓa albasa ba ta daina fitar da ruwa, kafin la'asar kwaɓin ya tsinke, ga wuta ma ba tabbas. Ki yanka albasar ki ajiye daban, ki haɗa garin da kayan ƙamshin daban, in ya rage kamar minti 40 a kira magariba sai ki sa gishiri. In kuma aiki ya miki yawa ki yi mata rabin suya da wuri ki tsame tun tana fara-fara, dab da shan ruwa ki mayar da ita mai mai zafi minti 1, haka ma ta fi yin ƙaras.