Tambaya da Amsa: Sharuɗɗan Digirin Digirgir

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatun digirin digirgir a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, amma ina aikin koyarwa a Tambuwal. Shin dole ne in halarci tarukan ƙara wa juna sani, ko kuwa rubuta kundin bincike kaɗai ya wadatar?

Amsa: Malama, kundi shi kaɗai ba ya kai ɗalibi ga gaci. Bisa al'adar jami'o'inmu, sai kin fara gabatar da shawarar bincikenki a gaban malaman sashe, inda za a tsefe take da manufa da hanyoyin tattara bayanai, kuma ba abin mamaki ba ne ki fito da takardunki cike da jan biro, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Daga nan akwai muƙalu na nuna inda aiki ya kai, sannan kare kundi a cikin gida, kafin zuwan mai jarrabawa daga wata jami'a. Halartar tarukan abokan karatu ma tana da amfani, don a can ake gane irin tambayoyin da malamai ke yi. Ki nemi kundin dokokin Makarantar Karatun Gaba da Digiri, ki kuma daidaita ranakun da mai duba aikinki tun kafin ki nemi izini a wurin aiki.