Ta ina zan fara ziyara a Roma?

Ɗan'uwa tunda ka ce kwana uku kacal gare ka, ni dai shawarata ka yi sammako zuwa cocin Bitrus a Batikan, don da rana ta ɗaga layin shiga sai ka gaji da tsayuwa, kuma ka sa kaya masu rufe kafaɗa da gwiwa in ba haka ba a ƙofa za su maido ka. Washegari ka nufi cocin Yohanna da ke Lateran, tsallaken titi akwai matakala 28 da masu ziyara ke hawa da gwiwa suna addu'a, don Allah kar ka wuce ta. Kabarin Fafaroma Faransis kuma yana cocin Santa Mariya Majore, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Termini.