Amsa ga mai tambaya kan damuwa, ciwon suga da hawan jini

Ɗan'uwa, ka ce shekarunka 26, kana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma kana tambaya ko damuwa za ta iya ɗaga sugarka alhali ba ka fasa shan magani ba. Tabbas za ta iya. Idan hankalin mutum ya tashi, jiki yana fitar da wasu sinadarai da ke sa hanta ta ƙara sakin suga cikin jini, zuciya ta ƙara bugawa, jijiyoyin jini kuma su tsuke. Rashin isasshen barci ma yana yin irin wannan aiki, shi ya sa wanda ya kwana yana juyi a kan katifa yakan ga awon safe ya haura.

Ka riƙa rubuta awonka a ƙaramin littafi, da lokaci da abin da ka ci da yanayin zuciyarka a ranar, sannan ka kai wa likitanka. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, kuma ya fi awon rana ɗaya faɗin gaskiya.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya yana cikin lissafin, abin da mutane da dama ke mantawa.

Idan ƙunci ya kai mako biyu ba ya sauka, har abinci da hira da abokai sun fita daga ranka, ka faɗa wa likita kai tsaye, domin wannan ma ciwo ne da ake yi wa magani.