Amsa ga ƙanena mai son karatun diflomasiyya a Amurka

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce kana son zuwa Boston ka karanta hulɗar ƙasa da ƙasa, saboda ka ji cewa a Amurka ba a tambayar ɗan gidan wa kake, kuma burinka wata rana ka yi aiki a ma'aikatar harkokin wajensu. Maganar karatu na goyi bayanka. Sauran biyun kuwa akwai gyara.

In Allah ya kawo ka, ka hau jirgin ƙasa na Red Line ka sauka a Quincy Center. Daf da tashar akwai wani coci na dutse, a ƙarƙashinsa an binne shugabannin ƙasa biyu, uba da ɗa, kowa da matarsa a gefe. John Adams shi ne shugaba na biyu, 1797 zuwa 1801, amma kafin nan jakada ne. Shi ya shawo kan Holan ta amince da Amurka a 1782, ya kuma samo mata bashi a Amsterdam lokacin da baitulmalinta ba ko sisi. Da shi da Benjamin Franklin da John Jay aka ƙulla yarjejeniyar Paris ta 1783 wadda ta kawo ƙarshen yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila, sannan a 1785 ya zama jakadan Amurka na farko a Landan.

Ɗan nasa shi nake so ka duba da kyau. John Quincy yana ɗan shekara 10 uban ya ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa Faransa a 1778. Yana ɗan 14 aka haɗa shi da wakilin Amurka Francis Dana zuwa Rasha, don a fadar can Faransanci ake yi, shi kuwa Dana bakinsa bai faɗa ba. Yaro ya zama tafinta. A 1794 George Washington ya naɗa shi jakada a Holan, bai cika 30 ba. Daga nan Furushiya, Rasha, sulhun da aka ƙulla da Ingila a birnin Ghent a 1814, Landan, sai sakataren harkokin waje na shekara 8 a zamanin shugaba James Monroe, inda ya karɓo Florida daga hannun Sifaniya a 1819. Shugabancin ƙasa ya zo a 1825. Jikan kuma, Charles Francis Adams, shugaba Lincoln ya tura shi Landan a 1861, lokacin yaƙin basasar Amurka, ya yi ta fama don kada Ingila ta amince da 'yan tawayen kudu. Kaka da ɗa da jika duk a kujera guda. To ka ce mini ba a tambayar gida?

Sai dai a faɗi gaskiya, John Quincy bai kwanta a kan sunan uba ba. Bayan ya faɗi zaɓe ya koma majalisar wakilai, abin da ba kasafai tsohon shugaba ke yarda ya yi ba, kuma a 1841 yana da shekara 73 ya tsaya a kotun ƙoli yana kare 'yan Afirka, akasari Mende daga yankin Saliyo, waɗanda suka ƙwace jirgin bayi na Amistad. Aka sake su. A ganina gadon da ya fi amfanarsa harshe ne da zama kusa da aiki tun yana yaro.

Yau akwai jarrabawa, tun dokar Rogers ta 1924 da ta tsara aikin jakadanci. Duk da haka shugabanni na ci gaba da raba wasu kujerun jakadu ga abokan siyasa da masu ba da kuɗin kamfe. Abin da ya fi shafarka shi ne, jarrabawar ta 'yan ƙasa ce kawai. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya shiga, ko da ya fi kowa maki. Don haka ka zo da niyyar ma'aikatar ƙasarka, ko Majalisar Ɗinkin Duniya, ko Tarayyar Afirka, ko koyarwa.

Makarantar Fletcher ta jami'ar Tufts tana Medford, nan kusa da Boston, ta masu digiri na biyu ce. Tsada kam akwai ta, hayar ɗaki a nan ma kaɗai ta isa ta sa mutum rama. Biza ba ta ba ka damar aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu, a harabar makaranta, kuma ba za a ba ka takardar I-20 ba, wato takardar da makaranta ke bayarwa don neman biza, sai ka nuna kuɗin shekarar farko. Kada ka sa Baba ya sayar da gona. Nemi tallafin karatu tukuna.

Kafin nan ka dage da Faransanci, tun da kana da inda za ka koya a gida da arha. Littafin da John Quincy ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum yana intanet kyauta a shafin Massachusetts Historical Society, ka fara da shekarun Ghent. Ka turo mini takardar sakamakonka in duba, ka gaida Inna.