Ƙananan bindigogin Sifaniya masu araha: abin dogaro ne?

Malam, ka tambaya ko araharsu na nufin rashin inganci. Ya danganta da wanda ya ƙera.

Baƙin jininsu ya faro ne daga wata ƙaramar bindiga mai suna Ruby, wadda Faransa ta saya da yawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙananan maƙera birjik a garin Eibar na Sifaniya suka yi ta ƙera ta, wasu da ƙarfe mai taushi, har gidan harsashin wata ba ya shiga wata.

Bindigogin kamfanonin Star da Astra kam daban ne, sojoji da 'yan sandan Sifaniya sun daɗe suna aiki da su. Ta kamfanin Llama ce nake ɗari-ɗari da ita: wata lafiya lau, wata ta yi ta cijewa.

Abin da ya fi damuna kayan gyara ne. Star da Astra sun rufe tun 1997, ɗan ƙarfe ya karye sai an sha wuya kafin a samu madadinsa.