Amsa: Gwajin hasashe kan kuɗin magani daga aljihu

Malam, ka tambayi yadda za ka gane ko matsakaicin abin da majinyata ke biya daga aljihunsu wajen sayen maganin da likita ya rubuta ya haura adadin da kamfanin inshora ya faɗa. Ka fara da ɗaukar cewa bai haura ba, sannan ka tattara bayanan wasu majinyata ka yi gwajin t mai ɓangare ɗaya, wato gwajin lissafi da ke duba ko matsakaicin ya haura adadin da gaske. Idan ƙimar p, wato yiwuwar samun sakamako irin naka ko fiye idan da gaske matsakaicin bai haura ba, ta gaza 0.05, sai ka yi watsi da wannan hasashen.

Amma fa a kula. Yawancin mutane kaɗan suke biya, 'yan tsiraru masu ciwon daji ko wata doguwar jinya kuwa su kashe maƙudan kuɗi, su ja matsakaicin sama. Don haka mutum 30 da littattafai ke cewa sun isa a yi gwajin da su, ni ban yarda sun isa a nan ba. Ƙara yawansu.