Soson Taya a Babur ɗin Daji: Zai Yi a Kan Kwalta?

Tambaya: Malam, babur ɗina na shiga daji ne, amma yanzu kan kwalta na fi hawansa. Ko in cire tif in sa soson taya, wato soson da ake cusawa cikin taya a maimakon tif da iska, in huta da faci?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa. Taushin soson kamar na tayar da aka ba iska bar 0.9 ne a ma'aunin iskar taya, don yashi da duwatsu aka yi shi. A kan kwalta kuwa, in tafiya ta yi tsawo da gudu, sai ya yi ta lanƙwashewa yana gogar cikin taya har ya ɗau zafi ya marmashe, babur ya fara lilo a kwana. Kamfanin taya na Michelin ma ya ce sosonsa mai suna Bib Mousse ba na titi ba ne. Nemi tif mai kaurin milimita 4, ka riƙa auna iska kafin ka fita.